Kwana Uku a Taron Bita Kan Nasara da Faɗuwa: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Matata ce ta biya mini kuɗin wannan taron bita, kuma ya kamata in faɗi haka tun da farko, domin da an bar ni da son raina da ban taka ƙafata wurin ba. A ƙarshen shekarar 2023 na rufe gidan kajin da na yi shekara shida ina ginawa a bayan garin Kaduna, bayan da kuɗin masara da waken suya da na sufuri suka yi tashin gwauron zabo sakamakon cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, har ta kai ga kuɗin ƙwan da kaza ta saka ba ya mayar da kuɗin abincin da ta ci. Na sayar da kajin da suka rage a farashin da ba na son tunawa, na biya rabin bashin da ke kaina, sauran rabin kuwa yana nan yana jirana. Asarar kuɗin ta yi zafi, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar Lahadi. Idan lokacin ba da shaida ya yi a majami'a, wannan ya tashi ya gode wa Allah saboda sabuwar mota, wancan saboda ɗansa ya sami bizar Ingila, ni kuwa da nake cikin masu fitowa gaba a ranar baikon godiya sai na koma kujerar baya, ina ficewa tun kafin a gama addu'ar rufewa don kada wani ya tambaye ni labarin kaji.

Taron na wata cibiyar Kirista ce da ke bayan garin Jos, wadda take karɓar mutane kimanin arba'in a lokaci guda, daga yammacin Alhamis zuwa azahar ɗin Lahadi. An shirya shi ne domin waɗanda jarinsu ya karye, da waɗanda aka sallama daga aiki, da waɗanda suka yi ritaya ba su ga abin da suka tara ba, har da fastocin da suka daɗe suna kiwon ikkilisiyar da ba ta ƙaruwa. Kuɗin shiga, haɗe da makwanci da abinci, ya yi daidai da na buhu uku na abincin kaji a lokacin (ku yi mini haƙuri, har yanzu da buhun abincin kaji nake auna tsadar komai). Ga wanda ke cikin karayar arziki wannan kuɗi ne mai nauyi, kuma zan dawo kansa.

Ɗakunan kwana masu tsabta ne, mutum huɗu a ɗaki, kowa da gadonsa da bargo biyu, kuma wanda ya san sanyin Jos a watan Janairu ya san bargo biyu ba almubazzaranci ba ne. Ruwan zafi na wanka ba ya isar kowa, wanda ya makara sai ya haƙura da na sanyi. Abinci ya fi abin da na zata: gwaten acca da safe, shinkafa ko dankalin Turawa da rana, tuwo da miyar kuka ko ta karkashi da dare. Janareto yana aiki har ƙarfe goma. Ban ga abin ƙorafi mai yawa a wannan ɓangaren ba.

Darajar taron tana cikin koyarwar rana ta farko. Wanda ya jagorance ta wani tsohon fasto ne da ya yi ritaya, kowa yana kiransa Baba, ya haura shekara saba'in, yana riƙe da Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassarar Hausa, wadda ta fara fitowa a 1932, shi ya sa yakan ce Matta da Yohanna a inda nawa ya rubuta Matiyu da Yahaya. Bai fara da wa'azi ba. Ya raba mana takarda ya ce kowa ya rubuta mutum biyar na ikkilisiyarsa da yake ganin sun yi nasara a rayuwa, ba tare da suna ba, sai dalili kawai. Da aka tattara aka karanta, kusan duk dalilan iri ɗaya ne: ya gina gida, 'ya'yansa sun gama jami'a, yana da babban muƙami, shi ne ya sayi kayan kiɗan majami'a. Daga nan Baba ya ce mu juya takardar mu rubuta mutum biyar da za mu so su tsaya a bakin gadonmu su yi mana addu'a idan muna jinyar ajali. Na duba jerina biyu na ga babu mutumin da ya fito a duka biyun. A jeri na biyu akwai wata gwauruwa mai sayar da ƙosai a ƙofar majami'armu, wadda ban taɓa tunanin sanya ta a jeri na farko ba. Baba ya ce ashe kowannenmu yana yawo da mudu biyu, ɗaya na kasuwa, ɗaya na zuci, kuma ya tambaye mu da wanne muke auna kanmu idan mun kwanta da dare.

Sai bayan wannan ya buɗe Matiyu sura 25, misalin bayin da ubangidansu ya ba talanti (wani ma'aunin kuɗi mai yawa) biyar, da biyu, da ɗaya. Na sha jin wa'azi a kan wannan misali, kuma kusan kullum ana karkatar da shi ne zuwa ga riba, wato a ninka abin da aka samu. Baba ya sa muka karanta aya ta 21 da ta 23 a jere, muka ga cewa maganar yabon da aka yi wa mai biyar ita ce dai aka yi wa mai biyu, babu ƙarin kalma ko ragi, duk da cewa ribar ɗaya ta ninka ta ɗayan fiye da sau biyu. Abin da aka yaba a wurin duka biyun shi ne aminci. Bawa na uku kuma ba a tsauta masa don ya yi ciniki ya faɗi ba, an tsauta masa ne don ya tona rami ya binne abin da aka damƙa masa saboda tsoro. Ya haɗa wannan da maganar Manzo Bulus a 1 Korantiyawa sura 4, inda ya ce abin da ake nema ga wakili shi ne a same shi da aminci, ya kuma ƙara da cewa shi kansa ba ya yanke wa kansa hukunci, domin lokacin hukunci bai yi ba tukuna sai Ubangiji ya zo. Wannan aya ta taɓa ni fiye da sauran, saboda na yi wata biyu ina zaman alƙali a kan kaina, na kuma riga na yanke hukuncin.

Baba ya daɗe a kan Annabi Irmiya, kuma ya cancanci daɗewar. Mutumin nan ya yi kusan shekara arba'in yana gargaɗin Yahuza. A sura 25 shi da bakinsa ya ce shekara 23 ke nan yana magana ba su saurara ba. Sarki Yehoyakim ya yayyanka littafinsa da wuƙa yana jefawa cikin wuta shafi bayan shafi, daga baya aka jefa shi cikin rijiya mai laka, an hana shi aure, Urushalima ta faɗi a kan idonsa kamar yadda ya yi gargaɗi, a ƙarshe ma waɗanda suka rage suka tafi da shi Masar ba da son ransa ba. Baba ya ce da Irmiya faston wata ikkilisiya ne a yau, da tuni dattawa sun rubuta wasiƙa suna neman a canja musu shi, domin rahotonsa na ƙarshen shekara ba shi da adadin sababbin tuba ko ƙarin baiko. Fastoci uku da ke cikinmu suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da yamma ya kawo labarin da duk wanda ya tashi a ikkilisiyar ECWA ya taɓa ji. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara can cikin ƙasar da Turawa suke kira Sudan a lokacin, wadda ta haɗa da arewacin Najeriya ta yau. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa daga baya zazzaɓi ya mayar da shi Kanada, ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya sake korarsa, sai a 1902 aka iya kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aikin ne ECWA ta fito a 1954, kuma a yau akwai makaranta mai sunan Kent a Miango da jami'a mai sunan Bingham a Karu. A nan ne na ɗaga hannu, domin wani abu ya tsaya mini a wuya. Na ce, “Baba, idan muka ce Gowans ya yi nasara saboda yawan ikkilisiyoyin da muke gani yau, ai mun koma mudun kasuwa ke nan, sai dai mun jinkirta awon da shekara ɗari. To, wanda ya yi aminci ya mutu, kuma babu abin da ya tsiro a bayansa fa?”

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, “Ɗana, ka kama ni, kuma ka yi daidai.” Ya sa aka buɗe Ibraniyawa sura 11 daga aya ta 32 zuwa ƙarshe, inda marubucin ya lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka ci mulkoki suka rufe bakin zakoki, sa'an nan ba tare da ya canja numfashi ba ya lissafa waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo saye da fatun tumaki da na awaki cikin rashi, ya kuma ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Ya ce Gowans ya riga ya gama nasa awon a Girku a ranar da ya cika, ko da ba a taɓa gina majami'a ɗaya a arewa ba, kuma shi ma zai gyara yadda yake ba da labarin daga ranar. Na halarci tarurruka da dama, ban taɓa ganin mai koyarwa ya karɓi gyara a gaban jama'a da sauƙi irin haka ba, kuma ina ganin wannan kaɗai ya biya buhu ɗaya cikin ukun.

Safiyar rana ta biyu ita ce raunin taron, kuma ba zan ɓoye ba. An gayyato wani matashin mai wa'azi, mai murya da iya tsara zance, aka ba shi awa biyu. Ya ɗauki Yoshuwa 1:8 da aya ta 2 ta wasiƙar Yahaya ta uku ya gina musu bene, yana cewa faɗuwa ba rabon ɗan Allah ba ce, duk wanda ya faɗi to akwai ƙofar da ya bari a buɗe, kuma kowa ya furta da bakinsa cewa shekara mai zuwa zai ninka abin da ya rasa. Maganar Yoshuwa an yi ta ne ga shugaban da zai haye Urdun da jama'a, ta Yahaya kuwa gaisuwa ce a farkon wasiƙa zuwa ga abokinsa Gayus, irin yadda mu ma muke buɗe wasiƙa da fatan alheri da ƙoshin lafiya. Mayar da su alkawarin arziki ga kowane mai bi ya saɓa wa duk abin da aka koya mana a ranar da ta gabata. Bulus da ya ce sau biyar aka yi masa bulala arba'in ba ɗaya, sau uku jirgi ya farfashe da shi, ya sha yunwa da ƙishi da sanyi, wace ƙofa ya bari a buɗe? A kusa da ni akwai wani malamin makaranta da ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa shekara da shekaru, na ga yadda kafaɗunsa suka sauka yayin da ake wannan koyarwa. Masu shirya taron sun ce suna so ne a ji ɓangarori dabam dabam. A ganina mutanen da ke da rauni a zuci ba wurin gwajin ra'ayoyi ba ne, kuma in har za a kawo irin wannan koyarwa to a ba da lokacin tambaya a bayanta, abin da ba a yi ba domin lokacin abinci ya riga ya wuce.

Abin da ya ceci ranar shi ne zaman la'asar, wanda wata dattijuwa ta jagoranta, tsohuwar akanta kuma shugaba a Zumuntar Mata. Tun kafin mu zo an rubuto mana cewa duk mai sana'a ya taho da littafin lissafinsa. Ta zauna da kowa shi kaɗai na minti ashirin. Da na miƙa mata nawa ta sa tabarau ta buɗe, ta bi shafukan da yatsa, ta tsaya a wani wuri ta ce, “Ɗana, daga watan Maris zuwa Yuli ina lissafin?” Na ce, “Mama, lokacin abubuwa sun yi mini yawa.” Ta sake tambaya ko kuɗin makarantar yara da na cefane daga aljihun gona suke fita, na ce daga nan ne. Ta tambayi nawa nake biyan kaina albashi, na ce ai gonar tawa ce. Ta cire tabaran ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce tsadar masara ba laifina ba ce, amma wata biyar babu rubutu laifina ne, kuma kada in yarda koyarwar Baba a kan aminci ta zama mini bargon rufe sakaci, domin aminci ya haɗa da sanin halin da garkenka yake ciki kamar yadda Karin Magana 27:23 ta faɗa, da zama a yi lissafi kafin a fara gini kamar yadda Yesu ya ce a Luka sura 14.

Daga bakinta na ji rabe-raben da ya fi amfanar da ni a duk taron. Ta ce faɗuwa iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Akwai ta zunubi, kamar ta Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa sau uku, maganinta tuba ne, kuma a Yahaya sura 21 an mayar masa da aikin kiwon tumaki bayan tambaya uku. Akwai ta rashin ƙwarewa ko sanyin gwiwa, kamar ta Markus da ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya har ya zama sanadin rabuwarsu, maganinta koyo ne, kuma shekaru bayan haka Bulus ɗin da ya ƙi tafiya da shi ya rubuta wa Timoti cewa ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi. Akwai kuma wadda ta fi ƙarfin mutum, kamar ta Ayuba, wadda ba ta bukatar tuba ko darasi, sai jimiri da 'yan'uwa masu iya yin shiru. Ta ce yawancin wahalarmu tana zuwa ne daga shan maganin wannan a kan ciwon wancan: mutum ya yi ta azumin tuba a kan abin da ba laifinsa ba, ko ya ce nufin Allah ne a kan abin da rashin lissafinsa ya jawo. Da muka raba tawa asarar a kan takarda, kaso mafi girma ya faɗa a iri na uku, amma wani kaso da ba zan iya rainawa ba ya faɗa a na biyu. Ban ji daɗin ganin haka ba, sai dai na fi samun barci a daren fiye da yadda na samu cikin wata biyu.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata masu shiryawa su duba. Ana koyarwa da Hausa, amma takardun da aka raba duk da Turanci aka buga su, alhali akwai manoma da iyaye mata daga ƙauyuka da suka riƙa neman wanda zai karanta musu. A zaman ƙungiyoyi na dare an haɗa maza da mata da matasa wuri ɗaya, kuma na lura dattawa sun kame bakinsu, domin magidanci ba zai faɗi yawan bashinsa a gaban sa'ar 'yarsa ba. Ba a kuma yi kashedi sosai a kan rufin asiri ba kafin a fara, ga shi kuwa wasu sun fito daga ikkilisiya ɗaya. Batun kuɗi shi ne mafi girma: taron da aka shirya domin waɗanda suka karye bai kamata ya zama sai mai mata irin tawa ce kaɗai zai iya zuwa ba. An ce akwai gurbi kaɗan na kyauta, amma ba a rubuta hakan a takardar sanarwa ba, sai wanda ya san wani a ciki ne zai ji. Bayan an watse kuma babu wani tsari na bibiya, in ban da dandalin WhatsApp da ya cika da hotunan gaisuwar safiya cikin mako guda.

Duk da haka kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Zan ba da shawarar taron ga wanda kunya ta hana shi shiga cikin 'yan'uwa, da faston ƙauye da yake kwatanta kansa da masu manyan majami'u a birni, da duk wanda ya kasa bambance abin da ya yi da abin da ya same shi. Wanda yake neman jari, ko dabarun kasuwanci, ko annabcin cewa komai zai dawo cikin wata uku, kada ya ɓata kuɗinsa, domin in ban da waccan safiya ɗaya babu wanda ya yi mana irin wannan alkawari. Wanda zai je ya tafi da rigar sanyi mai kauri da littafin lissafinsa komai muninsa, ya kuma yi ƙoƙari ya samu zama da Mama tun da wuri, domin layinta yana da tsawo kuma mutum huɗu ba su samu ganinta ba kafin a tashi.

Ni dai har yanzu ban koma kiwon kaji ba, ina aikin kula da ma'ajiyar kaya ta wani ɗan'uwa, ina rage bashin kaɗan kaɗan a kowane ƙarshen wata. Na sayi sabon littafin lissafi a tashar mota kafin in baro Jos, kuma matata ce take duba shi duk daren Asabar.